Daɓen Ɗakin Kaka: Mu Yi da Kanmu Ko Mu Kira Magini?

Idan aka ce mutum ya yi gini a ƙasarmu, abin da jama'a ke fara ɗaga kai su duba shi ne rufi, ko na kwano ne ko na azara. Daga nan sai su dubi bango, su ga ko na tubali ne ko na bulo, an shafe shi ko ba a shafe ba. Da wuya ka ga wanda ya sunkuyar da kai ya dubi ƙasa. Alhali kuwa a ƙasan ɗaki ake shimfiɗa tabarma, nan ake salla, nan ake cin tuwo, nan jariri ke koyon rarrafe, nan kuma tsoho ke kwanciya ran da zafi ya hana shi hawa gado. Saboda haka na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu labarin wata gardama da aka yi a gidanmu a Talata Mafara cikin hutun bazarar 2025, a kan ƙasan ɗaki guda ɗaya tak. Gardamar kuwa ita ce: mu yi aikin da hannunmu, ko mu kira wanda sana'arsa ke nan mu biya shi?

Asalin maganar ita ce kakata, wadda ta haifi Baba. Duk rayuwarta a ƙauye ta yi a ƙasar Maradun, ba ta taɓa sha'awar zaman gari ba. Amma kowa ya san halin rashin kwanciyar hankali da ƙauyukanmu suka shiga a 'yan shekarun nan, har ya kai mutum ba ya iya runtsawa da dare. Da abin ya yi tsanani sai Baba ya je ya ɗauko ta, da ita da akwatinta da wasu tukwane biyu da ta ce ko za a bar kome ba za a bar su ba. Ta yi wata huɗu a ɗakin Umma tare da ƙannena. Ko ba a faɗa ba, zaman suruka a ɗakin matar ɗanta ba ya yi wa kowa daɗi, don kunya ta yi yawa. Da Baba ya sayar da shinkafar da ya noma a gonakin Bakolori, sai ya tayar mata da ɗaki a kusurwar gida, ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, da 'yar rumfa a gaba da wurin wanka a gefe. Aka yi rufi, aka sa ƙofa da taga. Da aka zo kan ƙasa sai aljihu ya fara nuna gajiya.

Abin da ya rage a hannun Baba naira 120,000 ne. A cikinsu kuwa tilas a ware naira 50,000 don komawata makaranta ni da ƙanwata, da ɗan abin da za a fara sayen taki. Ga shi muna cikin watan Afrilu, damina na tafe. Idan ruwa ya sauka ba a yi ƙasan ɗakin ba, to, Kaka sai ta ƙara wata biyar a ɗakin Umma.

Ran da na dawo hutu na tarar gida ya rabu uku. Yayana, wanda ke sana'ar cajin waya a bakin tasha, ya ce a sayo siminti mu zuba da kanmu. Ya ce ya kalli yadda ake yi a waya ya fi sau goma, ba wani abu ba ne illa a kwaɓa, a zuba, a shafe. Don me za a ba wani kuɗi ga mu ƙarti biyu a gida? Kawuna, ƙanen Umma, da ya zo daga Bakura cin kasuwar Talata, ya ce sam, a kira birkila, araha ba ta ado. Kaka kuwa ta ce ita ba ta ga abin gardama ba, a tara mata mata a yi mata daɓe irin wanda ta saba da shi. Baba bai ce kome ba, amma mun san abin da ke ransa. Yana jin kunyar a ce ya ɗauko mahaifiyarsa daga ƙauye ya kawo ta gari, sa'an nan ya ajiye ta a kan ƙasa, ga ɗakin matarsa da siminti har da leda.

Da dare bayan sallar isha'i Baba ya kira ni ya ce, "Kai ne ɗan boko. Ɗauko takarda ka lissafa mana, mu ga abin da kowace hanya za ta ci."

Washegari na tafi wurin masu sayar da kayan gini na tambayi farashi. Simintin da ya fi yawa a wajenmu daga Sakkwato yake zuwa, daga masana'antar Kalambaina wadda ta fara aiki tun 1967, yanzu kuwa tana hannun kamfanin BUA. Kowane buhu kilo 50 ne. A farkon 2023 buhu bai kai naira 5,000 ba, amma bayan da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na wannan shekarar kaya suka yi ta hawa, har a farkon 2024 ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Ni dai ran nan a kan naira 10,000 aka tsaya mini.

Ɗaki mai ƙafa 12 sau 12, idan za a zuba masa kankare mai kaurin inci 2, zai ci buhu huɗu da 'yan kai, da na shafe sama sai a ce biyar. Haka wani birkila ya gaya mini, na kuma gwada da lissafin da aka koya mana a aji, suka zo daidai. Rumfa da wurin wanka su ci biyu. Buhu 7 ke nan, naira 70,000. Yashi da tsakuwa da kuɗin amalanke naira 15,000. Jimla naira 85,000, idan mu za mu yi da kanmu. Birkilan ya ce shi da lebura ɗaya za su yi duka a kan jingar naira 30,000, watau jimla ta zama naira 115,000.

Da na jera lambobin nan sai na lura da abu biyu. Na farko, duk hanyoyin biyu sun haura naira 70,000 da muke da ikon kashewa. Ta Yaya za ta ci 15,000 daga kuɗin makaranta da taki, ta Kawu kuwa kusan ta cinye su duka. Na biyu, abin da Yaya ke son ya tsirar naira 30,000 ne, amma abin da zai damƙa a hannun waɗanda ba su taɓa riƙe cokalin magina ba, watau ni da shi, naira 85,000 ne. In aiki ya yi kyau mun ci ribar 30,000. In ya ɓaci mun yi hasarar 85,000, ba mu kuma da na sakewa.

A nan ne na tuna da wani abu da malaminmu na koyon sana'a ya taɓa gaya mana. Ya ce a ƙasashen sanyi irin su Ingila da Amurka, da katako ake shimfiɗe ƙasan ɗaki a gidaje da yawa, domin katako ba ya ɗaukar sanyi kamar siminti. Ya ce su ma can irin gardamar nan tana tashi, wani ya ce zai sayo katako ya jera da kansa, wani ya ce a kira kafinta. Kafintan da ya san aikinsa ba ya kafa katakon ran da aka kawo shi. Sai ya bar shi ya yi 'yan kwanaki a cikin ɗakin ya saba da iskar wurin, in ya zo jerawa kuma ya bar 'yar tazara tsakaninsa da bango, domin katako yana kumbura in ya sha laima, yana kuma tsukewa in iska ta bushe. Wanda bai san haka ba sai ya matse shi da bango, bayan 'yan watanni ya ga ƙasan ɗakinsa ta yi tozo. Wannan ba abin mamaki ba ne gare mu 'yan makarantar kwana, don kowa ya san yadda ƙofofin ɗakunanmu ke ƙin rufuwa da damina, su kuma yi sako-sako da hunturu. Da na ba Baba labarin sai ya yi dariya, ya ce a nan ai gara za ka yi wa walima, in ba kirya za ka samu ba, kirya kuwa yanzu ko ta turmi wuya take yi. Amma ni abin da na riƙe shi ne, kowane irin aikin ƙasa yana da wani sirri wanda mai kallo daga gefe ba ya gani.

Kawu ya ce tun da gani ya kori ji, mu bi shi Bakura mu kwana ɗaya. Muka tafi ni da Yaya. Ya kai mu shagon wani maƙwabcinsa mai sayar da shinkafa, wanda shekara biyu da suka wuce ya zuba simintin shagonsa da kansa. Mutumin bai ɓoye mana kome ba. Ya ce don siminti ya yi auki sai ya yawaita yashi, ya kuma tsinka kwaɓin da ruwa don ya yi sauƙin shafawa. Da tsakar rana ya yi aikin, cikin zafin bazara, ya gama ya kulle shago ya tafi, bai ƙara zuba masa ko ɗigon ruwa ba. Kafin wata guda ƙasa ta tsattsage kamar fadama da rani, in aka yi shara sai tsintsiya ta riƙa kwaso gari. Babbar ɓarnar kuwa ita ce bai auna gangara ba, sai bakin ƙofa ya fi cikin shagon tudu. Ruwan farko da aka yi da iska ya shiga ya kwanta a ƙarƙashin kaya, buhu uku na shinkafa suka yi fumfuna. Daga baya dole ya kira birkila, shi kuwa ya ce ba ya ɗora aiki a kan ruɓaɓɓe, sai an fasa na farko an kwashe. Ya biya kuɗin fasawa, ya biya na zubawa, ya sake sayen siminti. Garin neman ƙiba ya samo rama.

Yaya ya yi shiru. Amma Kawu mutum ne mai adalci, bai tsaya nan ba. Ya kai mu wani gida inda aka ba wani birkila jinga, maigidan ya tafi Gusau ya bar shi da buhu goma. Nan ma ƙasa ta farfashe, domin an ce ba duka buhunan ne suka shiga kwaɓi ba. Kawu ya dube mu ya ce, "Kun gani ko, samari? Kiran mai sana'a ba ya sauke wa mutum nauyin tsayawa a kan aikinsa. Wanda bai san kwano nawa na yashi ake zuba wa buhu ɗaya ba, ko ya yi da kansa ko ya ba wani, a hannun sa'a yake."

Da muka dawo na tarar da Kaka a gindin dogon-yaro tana tsinkar zogale. Ta ce, "Maigida, mi kuka ta rubutu kai da wancan, kamar masu rabon gado?" Wancan ɗin Baba take nufi, don shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, ba ta kuma cika yi masa magana kai tsaye ba. Na zauna na kwashe duk abin da muka gani a Bakura na gaya mata. Ta yi murmushi ta ce, "To, kuna ta neman gwani, ga gwana zaune cikin gidanku ba ku tambaye ta ba."

Nan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Sa'ad da kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda aka gama a 1978, ruwa ya ci gonaki da gidajen mutane da yawa a ƙasar Maradun, aka tashe su zuwa sababbin matsugunai. Lokacin tana da goyon Baba. Ta ce maza suka yi ta gini, mata suka yi ta daɓe, yau a gidan wannan, gobe a gidan waccan, har ta daina ƙidaya ɗakunan da hannunta ya buga a rani ɗaya. Ta ce, "Turawa na can suna zuba kankarensu ga gulbi, mu muna nan muna bugun ƙasa. Kowa da aikin da ya iya. Ba mu ce mu yi nasu ba, su ko in anka ba su madaɓi ba su san inda za su kama ba."

Sai na yi mata tambayar da ke damuna tun daga Bakura. Na ce, "Kaka, in aka yi daɓen ya tsage fa?"

Ta ce, "Sai a yayyafa mai ruwa a sake bugu. Ƙasa ba ta fushi. Yau ta ɓaci, gobe ta gyaru."

Wannan magana ita ta warware mini abin da takarda ta kasa warwarewa. Siminti in aka kwaɓa shi, cikin 'yan sa'o'i ya kama, abin da aka yi ya zauna ke nan, gyaransa sai da guduma. Daɓe kuwa yana ba mutum damar ya koyi aikin a kan aikin. Ga shi kuma wadda ta fi kowa saninsa a cikin gidanmu take.

Saura kunyar Baba. Da na kai masa maganar ya ce, "Ni abin da mutane za su ce nake ji." Kaka na daga ɗaki ta ji, ta ɗaga murya ta ce da ni, "Maigida, ka hwaɗa ma wancan, ba mutane za su kwana ɗakin ba. Siminti da ɗari shina shiga ƙashi, da bazara shina gasa mutum kamar tanda. Gwiwoyina ba su iya sujada bisa dutse. In shina son ya yi min gata, ya yi min abin da nika so." Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna, yadda kika ce haka za a yi."

Amma kada mai karatu ya ɗauka daɓe ba shi da aibi. Ba ya jure ruwa mai kwanciya, ƙafar gadon ƙarfe tana huda shi, ɓera na iya haƙa shi, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu yana son a sabunta shi. Ba a kuma iya wanke shi da ruwa da sabulu yadda ake wanke siminti. Kaka da kanta ta ce wurin wanka da bakin rumfa, inda ruwan indararo ke zuba, ba wurin daɓe ba ne. Saboda haka aka yanke shawara a raba aikin biyu. Ɗaki na mata ne, Kaka ce shugaba. Wurin wanka da rumfa na birkila ne, ni da Yaya mu ne leburorinsa, don kuɗin aiki ya ragu, mu kuma ga yadda ake yi da idonmu.

Aka fara da neman kayan aiki. Kawu ya aiko da buhu biyu na ɓawon ɗorawa daga gonarsa ta Bakura, don lokacin ne ɗorawa ke nuna. Kowa ya san ɗorawa da garinta mai zaƙi da kalwar da ake daddawa da ita, amma mu 'yan yanzu kaɗan ne muka san ɓawon da ake zubarwa shi ne makuba. Aka daddaka shi aka jiƙa a manyan tukwane kwana uku, har ruwan ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a wuta. Malaminmu na kimiyya ya gaya mini daga baya cewa akwai wani sinadari a cikinsa, irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, shi ke ɗaure ƙasa ya hana ruwa saurin shigarta. Madaɓi kuwa, watau icen nan mai faffaɗan ciki da mariƙi, guda ɗaya muka samu a ƙasan akwatin Kaka, ya yi sumul saboda tsufa. Da shi aka je wurin wani masassaƙi ran kasuwa, ya sassaƙo guda biyar irinsa.

Ni da Yaya muka yi kwana biyu muna jigilar burji da jar ƙasa da amalanke. Muka baza a ɗakin, muka tsince manyan duwatsu, Kaka na nuna mana da sanda inda ya yi kwari da inda ya yi tudu. Da yamma aka jiƙa shi sosai aka bar shi ya kwana.

Da hantsi mata goma sha ɗaya suka hallara, maƙwabta da dangi, har da matar Kawu daga Bakura. A cikinsu uku ne kaɗai suka taɓa yin daɓe. Maza ba sa shiga, saboda haka ni ta taga na yi kallo, da hujjar miƙa ruwa. Shida suka jeru daga bangon ƙurya, suka duƙa, suna bugu tare kamar hannu ɗaya, suna ja da baya kaɗan-kaɗan zuwa ƙofa. In wata ta gaji wata ta karɓa. Wata tsohuwa na ba da waƙa suna amsawa. Waƙar ita ke daidaita bugun, kuma rabinta habaici ne ga mazan unguwa, har Baba ya tuna yana da wani uzuri a kasuwa. Kaka na zaune a kan kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa, idonta ma ba a kan ƙasar yake ba, da kunne take aiki. Sai ka ji ta ce, "Ke ɗiyata, koma can kusurwa, ban ji ya amsa ba." In aka je aka buga sai a tarar lalle wurin bai danne ba.

Kwana uku aka yi ana haka. Kowace safiya sai a tarar ƙasa ta yi 'yan tsage-tsage, a yayyafa makuba da tsintsiya, a sake bugu har bakin tsagar ya haɗe. Ran na uku 'yan matan da suka zo ba su san ko riƙon madaɓi ba sun fara gyara wa juna. Da aka gama aka goge da dutse mai santsi, aka rufe ɗakin mako guda. Da aka buɗe sai ga ƙasa ja mai duhu tana sheƙi, in ka taka ka ji ta da tauri kamar fa, amma da daɗin tafin ƙafa. Abin da aka kashe, da kuɗin amalanke da na masassaƙi da tuwo da fura da goron mata, naira 17,000 ne.

Birkilan da Kawu ya nuna mana dattijo ne, ya ce shekararsa talatin yana aikin. Tun bayan asuba ya iso don kada rana ta riske shi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ya fi sa'a guda bai taɓa siminti ba. Ya kafa 'yan turaku, ya ɗaura zare, ya ɗauko wani siririn tiyo ya cika shi da ruwa yana duba bakinsa biyu, har ya tabbata ƙasa ta gangara wajen rariya. Wannan duk Yaya bai gan shi a waya ba, ko kuwa ya gani bai san shi ne uwar aikin ba. Sa'an nan ya sa muka auna: kwanon sarki ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Ya sa Yaya ya juya su a bushe sau uku, har launinsu ya zama ɗaya, kafin a sa ruwa. Da Yaya ya ce kwaɓin ya yi tauri a ƙara ruwa, sai ya ce, "A'a, samari. Ruwan da ya yi yawa yau shi ne tsagar gobe. Ruwansa na nan tafe, amma ba yanzu ba."

Da ya gama ya sa muka rufe wurin da tsofaffin buhuna da tabarmi, ya ce mu riƙa jiƙa su safe da yamma har kwana 7, kada kuma a ɗora wani abu mai nauyi, don siminti ba ya cika ƙarfinsa sai ya yi kwana 28. Ya ce mutane na cewa siminti bushewa yake yi, alhali shan ruwa yake yi ya yi ƙarfi. In rana ta kwashe ruwan kafin ya gama sha, ya mutu ke nan. Da na koma makaranta na tarar abin da littafin kimiyya ya faɗa ke nan, sai dai shi da dogon Turanci. Dattijon ya karɓi naira 8,000. Da buhu biyu da yashi da tsakuwa, wannan ɓangare ya tashi a kan naira 33,000.

Jimlar aikin duka naira 50,000. Kuɗin makaranta da na taki ba a taɓa su ba, har Baba ya sami rarar da ya saya wa Kaka sabuwar tabarma da fitila mai caji. Yaya kuwa bai bar burinsa ba. Da ɗan simintin da ya rage ya zuba gindin randa shi kaɗai, ya auna, ya juya sau uku, ya yi ta ba shi ruwa kamar mai renon dashe. Wuri ne da ko ya ɓaci ba wanda zai yi kuka. Ya yi kyau kuwa, kuma yanzu duk ran da dattijon ya sami babban aiki yakan aiko a kira shi.

Ina makaranta aka yi ruwan farko, amma Umma ta gaya mini ran ziyara cewa ruwa ya bi rariya ya fice, ko ɗigo bai shiga ɗakin ba. Ta ce kuma yanzu da azahar in an nemi Baba an rasa, to, yana ɗakin Kaka kwance a kan daɓe, wai ya zo gaisuwa.

Abin da na koya a wannan hutu tambayoyi uku ne, waɗanda ya kamata mutum ya yi wa kansa kafin ya ce zai yi aiki da hannunsa ko zai kira mai sana'a. Ta farko, in aikin ya ɓaci, yana gyaruwa ko sai an fasa? Ta biyu, akwai wanda ya taɓa yinsa da hannunsa da zai tsaya a kaina, ko kuwa kallo kawai na yi? Ta uku, abin da zan tsirar ya kai abin da zan sa a haɗari? In aiki mai gyaruwa ne, ga kuma gwani a kusa, to, a naɗe hannun riga a shiga. In kuwa irin na siminti ne da ba ya jiran mai koyo, a kira mai shi a biya shi hakkinsa, amma a tsaya a kansa har ya gama.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kada mu ɗauka riƙe biro ya fi ƙarfin riƙe shebur. In an yi hutu aka kira magini ko kafinta a gidanku, ku zama masu miƙa masa kaya, ku yi ta tambaya. Abin da za ku gani a yini ɗaya ya fi abin da waya za ta nuna muku a wata guda. Ku kuma zauna da kakanninku ku tambaye su abin da hannunsu ya iya, don a cikin mata goma sha ɗaya uku ne kaɗai suka san daɓe, su ukun kuwa duk sun yi furfura. Iyayenmu kuma ina roƙonsu kada kunyar abin da mutane za su ce ta sa su kashe kuɗin da ba su da shi, kada kuma ƙyashin ladan mai sana'a ya sa su biya sau biyu. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Allah ya zaunar da Jihar Zamfara lafiya, ya ja kwanan tsofaffinmu mu ƙara amfana da su. Amin.